Gerard Krefft: gaiwar Ostireliya da kujerar da aka fito da shi a kai

Ɗan Haɗejiya:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani tsohon hoto da ke yawo, na wani Bature tsaye kusa da ƙaton kifin teku mai faɗi kamar tabarma, an ce a Sidni aka ɗauka. Wai shi ne shugaban gidan tarihin da aka kinkimo a kan kujerarsa aka dire a bakin titi. Masana, a warware mana. Wane ne shi, me ya gano, kuma me ya haɗa shi da iyayen gidansa?

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Gerard Krefft ke nan, Bajamushe, haifaffen Braunschweig a 1830. Kifin da ke hoton shi da kansa ya raɗa masa suna a 1868, alfredi, don girmama Yarima Alfred ɗan Sarauniya Biktoriya, kuma har yau wannan kalmar tana cikin sunansa na kimiyya.

Ba ta jami'a ya shigo harkar ba. Ya fara zuwa Amurka, daga nan ya sauka Melbon a 1852 lokacin da kowa ke rububin zinariya, ya yi shekaru yana haƙa. Abin da ya fid da shi daga rami shi ne iya zane. A ƙarshen 1856 William Blandowski ya ɗauke shi cikin tawagar da gwamnatin yankin Biktoriya, inda Melbon take, ta tura mahaɗar kogin Murray da Darling don tattaro dabbobi. Bayan nan ya koma Jamus na ɗan lokaci, ya dawo a 1860 aka ba shi mataimakin mai kula da gidan tarihin Ostireliya da ke Sidni. Maigidansa Simon Pittard ya rasu a 1861, shi ya riƙe gidan, amma ba a tabbatar masa da kujerar ba sai 1864. Ku riƙe wannan jinkirin na shekara uku. Dalilinsa shi ne gwamnati da kwamitin amintattun gidan suna jayayya a kan wa ke da ikon naɗa shugaba, kuma wannan igiyar ce ta dawo ta shaƙe shi bayan shekara goma.

Maman Sadik:
Malam, kafin a wuce tafiyar Murray, akwai abin da ya kamata ɗalibai su ji, don yana nuna yadda samfur guda mai naƙasa ke ɓata ilimi na shekaru.

A 1836 Thomas Mitchell, wani Bature mai binciken ƙasa, ya samo wata 'yar dabba mai jakar goyo a ciki, ƙafarta ta gaba mai yatsu biyu kamar kofaton alade. Wadda ya samu ta riga ta rasa wutsiyarta. A Landan aka ɗauka haka Allah ya yi ta, aka sa mata Chaeropus ecaudatus, kalmar ta biyu ma'anarta marar wutsiya. Krefft ya tafi da zanen wannan dabbar yana nuna wa mutanen yankin, ya ce zai biya wanda ya kawo. Su kuwa da suka ga abin da Bature ke so, sai suka riƙa kamo wata 'yar'uwarta da ke ko'ina, su murɗe wutsiyar su kawo masa. Sai daga baya ya samu ta ainihi, ya ga ashe doguwar wutsiya gare ta. Guda takwas ya samu, kuma ya rubuta da hannunsa cewa yunwa ta sa ya cinye wasu. Dabbar ta ƙare a duniya a ƙarni na 20, sunan marar wutsiya kuma yana nan, don ƙa'idar raɗa suna ba ta yarda a canza shi don kawai ma'anarsa ta saɓa wa gaskiya ba.

A kuma lura, mafi yawan abin da tawagar ta tara mutanen ƙasar ne suka kamo, maza da mata da yara. Su suka san ramin kowace dabba. Sunan da ya hau takarda na Turawa ne.

Ɗan Haɗejiya:
To batun kifin da ake cewa shi ne babban abin da ya gano fa? Na ga an ce ɗan'uwan gaiwa ne. Gaiwarmu ta fadama?

Sarkin Ruwa:
Ita fa. Dangi ɗaya ne, kifaye masu huhu, kuma gida uku suka rage a duniya: na Kudancin Amurka, na Afirka, da na Ostireliya. Na Kudancin Amurka an bayyana shi a 1837. Gaiwarmu Richard Owen, babban masanin dabbobi a Landan, ya bayyana ta a 1839 daga samfurin da aka kai masa daga kogin Gambiya, ita ce Protopterus annectens, wadda ke cikin fadamun Haɗejiya da Nguru da tafkin Cadi.

Amma kada a ɗauka halinsu ɗaya. Gaiwa huhu biyu gare ta, hannuwanta sirara kamar igiya, kuma dole ta leƙo ta shaƙi iska, in aka hana ta sai ta nutse ta mutu. Idan ruwa ya janye sai ta nitsa cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar fata, ta bar 'yar kafa zuwa baki, ta kwana watanni tana rayuwa da naman jikinta. Abin da masunta ke faɗa cewa gaiwa jikinta take ci da rani gaskiya ne tsantsa. Ta Ostireliya huhu ɗaya ne da ita, ɓawonta manya-manya, hannuwanta masu tsoka kamar ganye, tana kai mita 1.5. Yawancin numfashinta a cikin ruwa take yi kamar sauran kifi, huhun na ranar da ruwa ya ƙazantu ne ko ya yi ƙaranci. Ba ta iya kwanciya a busasshiyar laka. Asalin mazauninta koguna biyu ne a Queensland, Burnett da Mary.

Malamin Bayoloji:
Madalla Sarkin Ruwa. Abin da ya sa ganowar ta girgiza masana kuwa haƙora ne. Tun 1838 Louis Agassiz ya bayyana wasu haƙora da suka zama dutse daga tsofaffin duwatsun Turai, ya sa musu Ceratodus, ya ɗauka na wani kifin shak ne da ya shuɗe. Ba haƙora ba ne irin jerin da muka sani. Faranti ne mai tudu-tudu kamar buɗaɗɗen mafici, biyu a ganɗa, biyu a muƙamuƙin ƙasa, suna haɗuwa su niƙe dodon koɗi da makamantansa.

Turawan da ke kiwo a bakin Burnett sun daɗe suna cin kifin nan, suna kiransa salmon saboda jan namansa. William Forster, ɗan siyasa wanda ya taɓa zama firimiyan New South Wales, yankin da Sidni take, shi ya sa aka kawo shi Sidni. Krefft na buɗe bakin ya ga farantan Agassiz a jikin dabba mai rai. A Janairun 1870 ya sanar a jaridar Sydney Morning Herald, ya kira shi Ceratodus forsteri. Daga baya, a 1876, aka ware masa nasa sunan dangi, Neoceratodus.

Baban Khadija:
A nan zan ɗan ja da ku. Ana yawan kambama shi, ana manta cewa ya yi kuskure a bayanin. Ya kira shi ƙaton ɗan dangin kwaɗo, alhali kifi ne. Albert Günther na gidan tarihin Birtaniya shi ya feɗe shi a 1871, ya bi huhu da zuciya da hanji da guringuntsi ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye shi a inda ya dace. Aikin ilimi na wajen Günther. Kuma fitar da sabon suna a jaridar safe ba tsari ba ne, ko a wancan zamanin.

Maman Sadik:
Yaya, kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Tun da aka samo na Kudancin Amurka masana Turai ke musu a kan kifi ne ko dangin kwaɗo. Batun jarida kuma lissafi ne. Jirgin wasiƙa daga Sidni zuwa Landan kusan wata biyu yake yi, wayar tangaraho ba ta haɗa Ostireliya da Turai ba sai 1872. Ƙa'ida ita ce wanda ya riga bugawa shi ke da suna. In ka tura samfur Landan ka zauna jira, mai feɗewa a can zai iya riga ka. Ya buga a jarida ya kafa kwanan wata, sannan ya aika cikakken bayani ga ƙungiyar masana dabbobi ta Landan, ta buga a shekarar. Ba don haka ba da yau sunan wani ake rubutawa a matsayin wanda ya raɗa wa kifin suna, ba na Krefft ba.

Baban Khadija:
Na karɓi wannan. Amma ga wani wurin da ya faɗi warwas: Thylacoleo. Owen ya raɗa sunan a 1859, ya ce zaki ne mai jakar goyo, maci nama. Krefft ya tsaya kai da fata cewa ganye da 'ya'yan itace yake ci.

Mai Burbushi:
Ya faɗi, amma hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma William Henry Flower a Landan ma ra'ayinsa ke nan. Ku dubi bakin dabbar. Maciya nama da muka sani, zaki da kura da kare, da fiƙa suke kisa. Thylacoleo fiƙarsa 'yar mitsitsiya ce, ba ta da amfani. Abin da yake da shi manyan haƙoran gaba ne guda biyu a ƙasa, masu turowa gaba, irin tsarin kangaru da danginsa, waɗanda kusan dukkansu ciyayi suke ci. Sai kuma wani haƙori guda a kowane gefe, sama da ƙasa, da ya miƙe ya zama doguwar wuƙa. Krefft ya ce ai wasu ƙananan dangin kangaru ma suna da irin wannan wuƙar, suna yanka saiwa da ita. Owen ya ce a dubi matauni: sun kusa ɓacewa, to da me zai niƙa ganyen? A dubi kuma gefen wuƙar yadda ya goge sumul, alamar sama da ƙasa suna shafar juna kamar almakashi. Owen ne ya yi daidai. Cikakkun ƙwarangwal da aka samo daga baya, har da na kogunan Nullarbor a 2002, sun nuna babban yatsan hannu mai ƙaton farce na riƙe abin farauta.

Inda Krefft ya yi gaskiya shi ne ƙorafinsa a kan inda ƙasusuwan ke ƙarewa. Tun 1830 ake kwasar ƙashi daga kogunan Wellington ana tura wa Landan. Owen ya roƙi gwamnatin New South Wales ta sa kuɗi a sake haƙa, majalisa ta ware fam 200, Krefft da Farfesa Alexander Thomson suka yi aikin a 1869. Krefft ya fi son na ainihi su zauna a Sidni, a aika hoto da kwafin da aka zuba da farar ƙasa. A idon manyan Landan wannan rashin kunya ce daga yaron da aikinsa ya tara ya aiko.

Aikin kogon ma ba wasa ba ne. Ƙashin yana cakuɗe cikin jar ƙasa da ta daskare da ruwan farar ƙasa, wani wurin ta fi ƙashin tauri. In ka sa kurfi da ƙarfi ƙashin ne zai fashe, ba dutsen ba. Sai a yanko dunƙulen gaba ɗaya, a bar shi ya bushe a inuwa, a riƙa sassaƙa da ƙaramin ƙarfe, duk inda ƙashi ya bayyana a shafa masa ruwan gam mai ɗumi ya tsotsa kafin a ci gaba. Babbar matsalar kuwa ita ce kogo tarko ne: dabbobi iri-iri sun faɗa cikinsa a zamani daban-daban, ruwa ya gauraya su. Muƙamuƙi da cinyar da ka samu gefe da gefe ba lallai na dabba ɗaya ba ne.

Ɗan Haɗejiya:
Tambaya ta gefe. A zafin can, ba firji, ta yaya kifi ko maciji ke yin wata da watanni a hanya bai ruɓe ba?

Mai Burbushi:
Hanya uku ce, kowace da inda take cin amana.

Kifi da maciji da ƙadangare sifirit ake sa su. Fomalin bai shigo wannan aikin ba sai 1893, Krefft bai gan shi ba. Ana son ƙarfin sifirit ya tsaya wajen kashi 70 cikin 100. Jikin dabba kuwa yawancinsa ruwa ne, yana fita ya tsinka sifirit ɗin, don haka na farko ana zubar da shi bayan 'yan kwanaki a sa sabo. Dole a tsaga ciki kaɗan, in ba haka ba waje zai yi kyau hanji ya ruɓe, iska ta kumbura shi. In ya yi ƙarfi da yawa kuma nama ya ƙanƙance ya yi tauri. Launi dai tafiya yake ko ya aka yi, shi ya sa mai zane yake da daraja: a zana dabbar tana sabuwa kafin ta shiga tulu. Bakin kwalba da mafitsarar dabba ake rufe shi, a ɗora dalma, a shafe da fenti ko ƙaro. Ko'ina ya tsage sifirit zai tsere a hankali, kan samfurin ya fito ya bushe. Lamba kuma a jikin dabbar ake ɗaura ta, a fata ko ɗan ƙarfe, don takardar da aka manna a waje laima na ɓamɓare ta. Samfurin da ya rabu da lambarsa ya zama nama kawai.

Fatun tsuntsaye da dabbobi sabulun guba ake shafa musu ta ciki. Haɗin da aka fi sani na Bécoeur ne, wani mai haɗa magani Bafaranshe: laba 2 na farin asenik, laba 2 na farin sabulu, oza 12 na gishirin toka, oza 5 na kafur, oza 4 na farar ƙasa. Yana hana asu da ƙwaron fata. Abin da ke ɓata aiki shi ne kitsen da aka bari a jikin fata, yana narkewa ya ƙona gashi ya mai da shi rawaya. Masu wannan sana'a kuma gubar na cin ƙarƙashin farcensu.

Na uku ƙwarangwal: a rage nama, a jiƙa cikin ruwa makonni har sauran ya saki, a wanke, a shanya, a huda a ɗaure da waya. In aka tafasa don gaggawa, maiƙo na shiga cikin ƙashi kuma haƙora na tsagewa.

Malamin Bayoloji:
A kan macizai ya fi barin aiki mai amfani ga talaka. Littafinsa The Snakes of Australia ya fito a 1869, na dabbobi masu shayarwa a 1871, kuma 'yan'uwa mata biyu, Harriet da Helena Scott, su suka yi zanen. Har ya sa wa wani ƙaramin maciji harriettae. Tunda launi ba abin dogaro ba ne, da ƙirga ake rarrabewa: layin ɓawo nawa ne a zagayen tsakiyar jiki, faranti nawa a ciki daga wuya zuwa dubura, nawa a ƙarƙashin wutsiya, kuma ɗaiɗai suke ko bibbiyu. Har yau haka ake yi.

Ɗan Haɗejiya:
To mu zo kan kujerar.

Baban Khadija:
Abin da aka fi yaɗawa shi ne an kore shi don ya yarda da ra'ayin Charles Darwin, cewa halittu suna sauyawa a hankali daga asali ɗaya. Gaskiya ne ya yarda, suna musayar wasiƙa, kuma yawancin manyan Sidni ba sa so. Amma ni ban ga wannan a matsayin dalilin farko ba. Mutum ne mai zafin kai da kaifin baki, ba ya raga wa kowa, har a jarida.

Maman Sadik:
Zafin kai kaɗai ba ya sa a ɗauko 'yan dambe su fitar da mutum, kamar yadda aka yi masa. A dubi yadda gidan yake. Dokar 1853 ta damƙa shi ga kwamitin amintattu, cikinsu akwai attajirai masu tara nasu kayan a gida, irin su William Macleay wanda tarinsa ya zama gidan tarihi guda a jami'ar Sidni daga baya. Krefft ya zarge su da amfani da ma'aikatan gidan da lokacin gidan wajen cika nasu akwatuna. George Masters, babban mai tattaro wa gidan samfur, a 1874 ya bar aiki ya koma wajen Macleay. Wanda zai sa hannu a albashinka shi ne abokin takararka a kan ƙwaro ɗaya, ina zaman lafiya?

A Disambar 1873 aka sace samfuran zinariya daga gidan. Sai kuma rigimar hotunan batsa da aka samu a wajen wasu ma'aikata, wadda Krefft ya kai ƙara. Majalisa ta kafa kwamitin bincike a 1874, ya je ya fasa ƙwai a kan amintattu. Su kuma suka kafa nasu, suka jero masa tuhuma 12, daga shan giya zuwa ƙin bin umarni, suka ce sun sallame shi. Ya ce ba su suka naɗa shi ba, gwamnati ce. A cikin ginin yake zaune da iyalinsa, sai ya kulle ƙofa. Ranar 21 ga Satumba 1874 aka ɓalle ta, ya ƙi tashi, aka ɗauke shi da kujerar aka kai titi.

Malamin Bayoloji:
Kun ga igiyar 1861 ta dawo. Ya kai ɗaya daga cikin amintattun, Edward Hill, kotu, aka ba shi diyyar fam 250. Amma hukuncin bai mai da shi kujerarsa ba, an riga an ba Edward Ramsay, wanda ya riƙe gidan shekara 20. A 1876 majalisa ta amince a biya shi fam 1,000, gwamnati ta ɗaura sharaɗin ya yafe sauran haƙƙoƙinsa. Littattafansa da takardun bincikensa da yawa sun maƙale a gidan, mai nazarin dabbobi kuma in ba tarin da zai kwatanta da shi, hannunsa a ɗaure yake. Bashi ya ci shi a 1880, ya rasu a Fabrairun 1881, yana da shekara 51.

Baban Khadija:
Duk da haka ina nan kan bakata, da ya iya bakinsa da ya daɗe. Ramsay ma ai da amintattun nan ya zauna.

Maman Sadik:
Ramsay ɗan gida ne, Yaya, haifaffen Sidni, ɗan masu ƙasa, shi kansa mai tara tsuntsaye da ƙwai. Ba a haɗa shi da baƙon da ya fito daga ramin zinariya.

Sarkin Ruwa:
Ku bar ni in sa baki da wata tambayar da ke damun ɗalibai. Kadan ruwan daɗi na arewacin Ostireliya, mai siririn baki, wani littafi ya rubuta johnsoni, wani johnstoni. Wanne ne daidai?

Malamin Bayoloji:
Duka biyun daga Krefft suka samo asali. A 1873 ya bayyana kadan, yana nufin girmama Robert Johnstone, jami'in 'yan sanda a Queensland wanda ya samo samfurin, sai ya rubuta sunan mutumin ba daidai ba, ya fito johnsoni. Daga baya aka gyara zuwa johnstoni. Ƙa'idar suna ta ce rubutun farko shi ke tsayawa, sai in a cikin ainihin bugun farkon akwai shaidar cewa tuntuɓen alƙalami ne. Masu johnsoni sun ce a bugun farko Johnson aka kira mutumin, don haka babu shaidar. Masu johnstoni sun dogara da gyaran da kuma yawan amfani. In ɗalibi na neman bayanai a intanet ko a kundin gidan tarihi, ya nema da duka rubutun biyu, in ba haka ba rabin takardun za su wuce shi.

Mai Burbushi:
Ƙarin gargaɗi ga duk wanda aikinsa zai kai shi ga tsofaffin fatu irin na zamanin nan, ko a wane gidan tarihi ne: asenik ba ya lalacewa. Farar ƙurar da ke kan ƙafar tsuntsu ko a ƙasan akwati a ɗauke ta guba ce har sai an gwada. Safar hannu, takunkumi, ba ci ba sha a ɗakin, kuma kada a share da tsintsiya ko a hura da baki.